Muhawara: Shin gwajin APOL1 zai iya faɗa wa mutum makomar ƙodarsa?

Ɗan Soba:
Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga likitoci da masana da ke cikin wannan zaure. Yayana ɗan shekara 34 ya shiga wata na bakwai ana yi masa wankin ƙoda sau biyu a mako, alhali ba shi da ciwon suga, kuma babu wanda ya san yana da hawan jini sai ranar da ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga, fitsarinsa kuma yana kumfa kamar an kaɗa sabulu. Mun zauna a gida mun yanke shawara cewa ni zan ba shi ƙoda ɗaya, tun da uwa ɗaya uba ɗaya muke, kuma rukunin jininmu ya zo daidai. Sai likitan da ke duba shi ya ambaci wani furotin mai suna APOL1, ya ce da da hali, da an gwada mu duka biyu kafin a yi maganar dashe. Mene ne wannan furotin? Gwajinsa yana nuna cewa ni ma ƙodata za ta lalace ne? Kuma akwai maganinsa?

Likitan Ƙoda:
Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba yayanka lafiya, ya saka maka da alheri a kan wannan niyya. APOL1 furotin ne da kusan kowane ɗan Adam yake da shi, hanta ce take sarrafa mafi yawan wanda yake yawo a cikin jini, amma ita ma ƙoda tana yin nata. Ƙwayar gadon da take ɗauke da umarnin yin sa tana kan kuromosom na 22, wato ɗaya daga cikin ƙunsoshin da suke ɗauke da ƙwayoyin gado, kuma kowa yana gadar kwafi biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Nau'in da ya fi yawa a duniya shi ake kira G0. A shekarar 2010 masu bincike a Boston ta Amurka, cikinsu har da Martin Pollak, suka nuna cewa akwai wasu nau'o'i biyu, G1 da G2, waɗanda ake samu a jinin mutanen da asalinsu Afirka ne, kuma wanda ya gaji biyu daga cikinsu yana cikin haɗarin ciwon ƙoda fiye da sauran jama'a. Kafin nan, a 2008, an ɗora laifin a kan wata ƙwayar gado da ke maƙwabtaka da ita mai suna MYH9, sai daga baya aka gane kusanci ne kawai ya ja mata.

Abin da nake so ka riƙe tun yanzu shi ne, gwajin yana auna haɗari ne, ba ya yanke hukunci. A Amurka kimanin kashi 13 cikin ɗari na baƙar fata suna ɗauke da kwafi biyu, amma waɗanda ciwon yake kamawa a tsawon rayuwarsu ba su wuce kimanin ɗaya cikin biyar ba. Sauran suna tsufa da ƙodarsu lafiya.

Uwar Biyu:
Likita, abin da ya ɗaure mini kai shi ne, yaya za a yi abin da yake lalata ƙoda ya yaɗu haka a cikin al'umma, maimakon ya ɓace a tsawon zamani?

Malamin Dabbobi:
Hajiya, amsar wannan tambaya tana wajenmu masu aikin shanu. Duk makiyayi ya san sammore, ya kuma san ƙudan tsando ne yake kawo shi. Ƙudan da ya ciji saniya shi ne yake cizon mai kiwonta, amma saniya ta rame ta mutu, mai kiwo kuwa ya kwana lafiya. Abin da yake tsare shi shi ne APOL1. Furotin ɗin yana tafiya a cikin jini manne da wani ɓangare na kitsen da ake kira HDL, ƙwayar cutar sammore ta haɗiye shi a matsayin abinci, da ya isa cikinta sai ya huda fatar jakar da ya shiga, gishiri da ruwa su kwarara, ta kumbura ta fashe. Masu bincike a Beljiyam ƙarƙashin Etienne Pays ne suka tabbatar a 2003 cewa APOL1 ne yake kashe ta. Mutum da goggon biri da gwaggwon daji irin na gorila suna da wannan kariya, ɓera ba shi da ita, saniya ma haka.

Sai dai wasu jinsi biyu na ƙwayar cutar sun samo dabarar kauce wa wannan tarko, su ne suke kawo ciwon barci ga mutane. G1 da G2 martani ne da jikin ɗan Adam ya mayar musu. Wanda ya gaji kwafi ɗaya ya samu kariya, ya rayu, ya haifa, don haka nau'in ya yaɗu, kamar dai yadda sikila ta yaɗu saboda zazzaɓin cizon sauro.

Ɗalibar Kimiyya:
Malamin Dabbobi ya yi bayani mai kyau, amma ina so in ɗan gyara wuri ɗaya, domin maganar ba ta miƙe haka ba. Jinsin da ake da tabbacin G2 yana karya lagonsa shi ne rhodesiense, wanda yake fitar da wani furotin mai suna SRA ya ɗaure APOL1 na asali. G2 ya rasa amino asid biyu, wato tubalan da ake gina furotin da su, a daidai wurin da SRA yake kamawa, shi ya sa ɗaurin ba ya yiwuwa. To amma rhodesiense na gabashi da kudancin Afirka ne, alhali G1 ya fi yawa a Afirka ta Yamma, inda ɗaya jinsin, gambiense, yake. Binciken da aka buga a 2017 a kan mutanen Gini da Yuganda ya nuna cewa G1 ba ya hana kamuwa da gambiense, sai dai masu shi sun fi zama da ƙwayar cutar ba tare da ta kwantar da su ba. Kenan kariya ce, amma ba iri ɗaya ba ce, kuma har yanzu masana suna tattauna ko akwai wasu cututtukan da suka taimaka wajen yaɗuwar waɗannan nau'o'i.

Jikan Takalafiya:
Maganar ciwon barci ta taɓa ni. Kakata tana cikin waɗanda aka tayar daga tsohon garin Anchau zuwa Takalafiya a zamanin Turawa, lokacin da aka share kurmin bakin rafuffuka domin korar tsando. Tana ba mu labarin yadda ma'aikatan lafiya suke jera mutane a ƙofar gidan dagaci suna lalube wuyansu don neman kaluluwa, wanda aka samu da ita a ware shi a yi masa allurai. Yau jikokinta ba su san ciwon ba sai a baki, amma ga shi kuna cewa abin da ya bari a jini yana nan tare da mu.

Bayobe:
To ko wannan ne dalilin ciwon ƙodar da ya addabi mutanenmu a Gashuwa da kewaye? Shekara da shekaru ana binne mutane, wasu gidajen mutum biyu ko uku. Idan gado ne, ai gara a fito a faɗa, a daina zargin ruwan sha.

Likitan Ƙoda:
Malam Bayobe, ina roƙonka kada mu yi gaggawar ɗaure wannan da wancan. G1 da G2 ba su rarrabu daidai a Afirka ba. Sun fi yawa a ƙasashen gaɓar Afirka ta Yamma, musamman tsakanin Yarabawa da Inyamurai da wasu al'ummun Gana, a Habasha kuwa kusan babu su. Mutanen gida ɗaya suna tarayya a jini, amma suna tarayya a rijiya da gona da tukunya da zafin rana, don haka mutuwar mutum uku a gida ɗaya ba ta isa hujjar gado ba. Idan aka ce gado ne ba tare da an gwada ba, za a iya daina binciken ruwa da magungunan feshi da sauran abubuwan da ake iya gyarawa, wannan kuwa asara ce babba.

Babban binciken da aka yi a yankinmu shi ne na ƙungiyar H3Africa, wanda ya fito a mujallar New England Journal of Medicine a 2024, aka gwada mutum 8,355 a Najeriya da Gana. Kashi 43 cikin ɗari suna da kwafi ɗaya, kusan kashi 30 suna da biyu. Masu kwafi biyu yiwuwar ciwon ƙodarsu ta ɗara ta sauran da kashi 25 cikin ɗari, masu kwafi ɗaya kuma da kashi 18, wanda sabon abu ne, domin a Amurka an saba ɗaukar kwafi ɗaya a matsayin marar haɗari.

Mai Lissafi:
Likita, a kula da wannan kashi 30 ɗin, kada mai karatu ya ɗauka cewa mutum uku cikin goma a kan titi ne. Fiye da rabin waɗanda aka gwada marasa lafiyar ƙoda ne da aka zaɓo da gangan, don haka adadin ba hoton jama'a baki ɗaya ba ne. Abin da ya fi jan hankalina shi ne ratar da ke tsakanin wannan sakamako da na Amurka. A can an samu yiwuwar ciwon tabon matatar ƙoda, wanda likitoci suke kira FSGS, ta ninka kusan sau 17 ga masu kwafi biyu, ciwon ƙodar masu ƙanjamau kuma sau 29, a wani binciken Afirka ta Kudu ma har sau 89. A namu binciken ninkin FSGS bai kai biyu ba. Furotin ɗaya ne, amma nauyinsa ya bambanta daga wuri zuwa wuri, wannan kuwa ya isa ya sa a yi hattara kafin a ɗauko alƙaluman wata ƙasa a faɗa wa Ɗan Soba cewa su ne nasa.

Ma'aikaciyar Jinya:
Ni tambayata ta aiki ce. Idan furotin ne da yake yawo a jini, me ya hana a auna yawansa kamar yadda muke auna suga ko kiratinin (dattin jini da ake gane aikin ƙoda da shi), wanda nasa ya hau a san yana cikin haɗari?

Mai Awon Jini:
Malama, an gwada hakan, bai yi amfani ba. Yawan APOL1 a cikin jini ba ya tafiya tare da lalacewar ƙoda, domin wanda yake cikin jini na hanta ne, mai yin ɓarnar kuwa shi ne wanda ƙodar take sarrafawa da kanta a cikin ƙwayoyin da ake kira fodosait, waɗanda suke rungume da ƙananan jijiyoyin matata da yatsu masu shiga juna kamar saƙar rariya. Idan suka mutu ba sa sake tsirowa, rariyar ta yage, furotin ɗin jini ya riƙa zuba cikin fitsari, shi ne kumfar da Ɗan Soba ya gani a wajen yayansa. Dashen ƙoda ne ya fi bayyana wannan. An lura cewa ƙodar da aka ɗauko daga mamaci mai kwafi biyu ta fi saurin gazawa a jikin wanda aka dasa wa, ko da shi ba shi da nau'in. Haɗarin yana tafiya ne tare da ƙodar. Saboda haka gwajin da ake yi na ƙwayar gado ne, sau ɗaya a rayuwa, da jini ko yawu, kuma ba zai taɓa faɗa maka ko ciwon ya fara ba. Wannan aikin awon fitsari ne da kiratinin.

Uwar Biyu:
To mene ne yake raba mutum ɗayan nan da ya kamu da huɗun da ba su kamu ba?

Ɗalibar Kimiyya:
Hajiya, sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. A yanayi na lafiya fodosait ba sa yin APOL1 da yawa. Abin da yake tayar da shi shi ne intaferon, sinadarin da jiki yake saki idan yana yaƙi da ƙwayar cuta irin ta bairos. Shi ya sa ƙanjamau da ba a sha mata magani take da wannan mummunan tasiri, haka aka gani a lokacin korona, inda wasu masu kwafi biyu ƙodarsu ta durƙushe cikin 'yan makonni, haka kuma ga waɗanda aka yi wa allurar intaferon a matsayin magani. Idan furotin ɗin ya yi yawa, G1 da G2 suna buɗe ƙofofi a fatar ƙwayar halittar kanta, sodiyam da kalsiyam su shiga, fotasiyam ya fita, wato abin da yake yi wa ƙwayar sammore sai ya juya ya yi wa mai gida. Akwai masanan da suke ganin ɓarnar ta fi faruwa a wasu sassa na cikin ƙwayar, kuma wannan muhawara ba ta ƙare ba. A 2023 kuma an gano wani ƙaramin sauyi mai suna N264K, wanda idan ya zo tare da G2 yake rage haɗarin ƙwarai, har mai shi ya koma kusa da wanda ba shi da komai. Gwajin da bai duba wannan ba zai iya tsorata mutumin da bai kamata ya tsorata ba.

Likitan Ƙoda:
Bari in koma tambaya ta uku ta Ɗan Soba, wato magani. Abin da ya sa masu haɗa magunguna suka ƙwallafa rai a kan APOL1 shi ne, ƙoda ba ta buƙatarsa don ta yi aiki. Yawancin dabbobi ba su da shi sam, kuma ƙodarsu lafiya lau. Idan haka ne, toshe shi bai kamata ya cutar da ita ba. Kamfanin Vertex ya haɗa ƙwayar magani mai suna inaxaplin da take toshe ƙofar da furotin ɗin yake buɗewa. A gwajin da aka buga a 2023, an ba mutum 16 masu FSGS da kwafi biyu maganin na mako 13, kuma a cikin 13 da suka sha shi yadda ya kamata, furotin ɗin fitsarinsu ya ragu da kusan kashi 48 cikin ɗari. Kamfanonin AstraZeneca da Ionis sun bi wata hanya, allurar da take hana ƙwayar halitta sarrafa furotin ɗin tun daga tushe, a jami'ar Duke kuma an gwada baricitinib, wanda yake katse saƙon intaferon.

Amma in faɗa maka gaskiya, Malam, ko da maganin ya tabbata, na wanda ƙodarsa take da sauran rai ne. Ba ya dawo da matatar da ta riga ta zama tabo, don haka yayanka dashe ne mafitarsa.

Mai Lissafi:
Kuma mutum 16 ba tare da rukunin kwatanci ba, wato waɗanda ba a ba su maganin ba don a gwada da su, alama ce mai kyau, ba hujja ba ce. Raguwar furotin a fitsari manuniya ce kawai. Abin da majinyaci yake so ya sani shi ne ko zai tsira daga injin wanki bayan shekara biyar ko goma, wannan kuwa sai babban gwajin da aka sa wa suna AMPLITUDE da irinsa za su iya amsawa.

Malamin Dabbobi:
Akwai abin da yake damuna game da toshe furotin ɗin, kuma ban ga an ambace shi ba. A 2004 an samu wani manomi mai shanu a jihar Maharashtra ta Indiya da ya kamu da evansi, ƙwayar cutar da take kama raƙuma da dawaki, wadda ba a san ta da kama mutane ba. Da aka bincika sai aka tarar duka kwafinsa biyu na APOL1 matattu ne. Wannan ƙwayar cuta tana nan a raƙuman yankinmu, kuma ba ta buƙatar tsando, bobuwa ma tana ɗaukar ta. Mutumin Boston da zai sha wannan magani ba ya kwana kusa da garke, amma Bafulatanin da zai sha shi shekara ashirin yana kwana. Ina ganin wajibi ne a yi gwajin a nan, kuma cibiyar binciken sammore da ke Kaduna tana da abin cewa a ciki.

Hajiyar Zinder:
Tun da gado ne, me zai hana a haɗa shi da gwajin sikila kafin aure, a huta?

Ma'aikaciyar Jinya:
Hajiya, ban goyi bayan haka ba ko kaɗan. Yaron da ya gaji SS zai yi ciwo babu makawa, amma mai kwafi biyu na APOL1 ya fi yiwuwa ya rayu lafiya. Na ga yadda takardar AS kaɗai take hana yarinya miji saboda rashin fahimta, ina ga an ƙara wata takardar da ta shafi ɗimbin jama'a kuma ba ta da tabbas. Inda nake ganin amfaninsa shi ne ga masu sikila da kansu, domin an nuna cewa mai sikila da ya haɗa da kwafi biyu ya fi saurin zubar da furotin a fitsari, irin wannan yaro kuwa ya cancanci a riƙa duba fitsarinsa a kai a kai.

Ɗan Soba:
Na gode ƙwarai da wannan ilimi. Amma har yanzu ina tsaye a inda nake. Idan aka gwada ni aka samu kwafi biyu, in fasa ba ɗan uwana ƙoda ke nan, ina kallonsa yana dawowa daga wanki ba ya iya ɗaga kofin shayi?

Likitan Ƙoda:
Malam, ba a fafe gora ranar tafiya, shi ya sa likitanku ya kawo maganar tun yanzu. Idan yayanka yana da kwafi biyu, to iyayenku kowanne yana da aƙalla ɗaya, kai kuma yiwuwar ka gaji biyu ba ta gaza ɗaya cikin huɗu ba. Wani ƙaramin bincike na 2018 ya bi baƙaƙen Amurka 136 da suka ba da ƙoda, 19 suna da kwafi biyu, kuma biyu daga cikin 19 ɗin sun kai ga gazawar ƙoda daga baya. Adadin kaɗan ne, shi ya sa Amurka ta kafa babban bincike mai suna APOLLO a kan dashe. A ra'ayina, matashi mai kwafi biyu wanda ɗan uwansa na jini ya riga ya kamu, gara a nemi wani mai bayarwa a cikin dangi. Akwai abokan aikina da suke ganin idan mutum ya haura hamsin, fitsarinsa tsaf, hawan jininsa daidai, ana iya barinsa ya zaɓa bayan an yi masa cikakken bayani.

Mai Awon Jini:
Ni kuma ina ganin kada rashin wannan gwaji ya tsayar da komai, domin ba kowane ɗakin awo yake yin sa ba, sau da yawa sai an tura samfurin waje, kuɗin kuma ba kaɗan ba ne ga gidan da wanki ya riga ya cinye. Abin da yake hannu a fara da shi: awon furotin a fitsarin safe har sau biyu ko uku a ranaku daban-daban, kiratinin, awon hawan jini, gwajin ƙanjamau da ciwon hanta, da hoton ƙoda. Ka kuma nisanci diclofenac da ibuprofen da haɗe-haɗen maganin gajiya. Idan fitsarinka ya nuna furotin, maganar bayarwa ta tsaya ko da wane nau'i kake ɗauke da shi.

Mai Lissafi:
Amma idan fitsarin ya fito tsaf, tambayarsa tana nan yadda take, domin ɗan shekara talatin yana da sauran shekaru masu yawa da zai yi da ƙoda ɗaya, kuma awon yau ba ya ganin abin da zai zo bayan shekara ashirin.

Ɗan Soba:
Shekarata 29. Muna da ƙanin mahaifinmu da ya haura hamsin wanda ya taɓa cewa a gwada shi, muka hana saboda nauyin girmansa. Ranar Litinin zan kai fitsarin safe kamar yadda Mai Awon Jini ya ce, kuma zan tambayi likitan nawa ne kuɗin tura samfurin mu uku, ni da Yaya da Baffa.